Madubin Motar Bubayero

Madubin tsakiya na motar Malam Bubayero ya faɗo ne a ranar da ya fi bukatarsa. Ina zaune a dakalin ƙofar gidansa a Kiyawa, ina kallon wani ƙadangare mai wutsiya biyu da yake fitowa da hantsi, sai na ji ƙwal a cikin motar, na kuma ji salati.

Bubayero abokina ne tun muna samari. Ya yi aikin ƙaramar hukuma har ya yi ritaya, amma kunyar Fulani ba ta sake shi ba. Hadiyya ce 'yarsa ta fari, saboda haka bai taɓa kiran sunanta ba, bai taɓa tsayawa ya dubi fuskarta ba. In ta zo gaishe shi, tabarma yake kallo ya amsa. Ni kaɗai na san inda yake ganinta. Duk sanda ya ɗauke ta a mota ta zauna a baya, ta madubin nan yake ƙare mata kallo, ba mai cewa ya yi abin kunya. A ciki ya ga giɓinta, a ciki ya ga ta zama budurwa.

Ranar kuwa tafiya za ta yi mai nisa. An mayar da mijinta aiki Fatakwal, yana unguwar Takur a Dutse yana jiranta da motar kaya, kafin azahar za su kama hanya. Bubayero ya ce shi zai kai ta Dutse da kansa.

"Gwadabe, zo ka gani," ya ce da ni, madubin yana hannunsa.

"Ka rataya masa carbi da turare da mabuɗan gida duka. Ko ni ne ai na faɗo."

"Kaɗo dai ba ya rasa ta cewa. Shiga mu je wajen Ɗan'inna."

Ɗan'inna mai gyaran gilashin mota ne, a gindin wata dalbejiya a bakin titi yake aiki. Ya kwance wani ɗan kusa, ya zare ƙaramin ƙarfen da ake liƙawa a gilashi, wanda madubin yake zama a kansa. Tsohon gam ya bar tabo a gilashin, sak sawun kofaton akuya. Na so a bar shi in ƙara kallo, amma ya sa reza ya kankare, ya goge wurin da sifirit, ya ɗiga sabon gam, ya danna ƙarfen da babban yatsa yana hira da mai shayi.

"To Baba, ƙarfe ya zauna. Amma kar a ɗora masa madubi sai la'asar. In kun ɗora yanzu, ramin farko zai zubo muku da shi."

"La'asar?" in ji Bubayero.

"Ga na gefe har biyu, Baba. Dutse ce fa za ka, ba Makka ba."

Bubayero ya dubi na gefen. Na gefe babura da A Daidaita Sahu suke nunawa, ba sa nuna kujerar baya. Ya tsaya yana shafa madubin da hannun rigarsa, kamar mai lallashin ɗan maraƙi.

"Kawo shi nan," na ce. "Ni ma ina da wanda zan gani a Dutse."

"Wa ka sani a Dutse?"

"Duwatsun. Mun kwana biyu ba mu gaisa ba."

Muka koma gida. Hadiyya ta fito da jakarta, idonta ja saboda sallama da uwarta. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta gaida mahaifinta, ya amsa yana duba taya. Ta shiga baya. Ni kuma na zauna a gaba, na ɗaga madubin da hannun dama na tsayar da shi daidai inda ya saba zama, ƙasa kaɗan da sabon ƙarfen.

"Baba Gwadabe, a haka za ka tafi?"

"Doka ce, 'yata. Mota ba ta hawa titi ba madubi."

Ashe riƙe madubi aiki ne. Kafin mu fita gari kafaɗata ta fara zogi. Ga gonakin gero sun yi kore shar dama da hagu, sai hankalina ya tafi wajen wasu balbelu da suka jeru a bayan sa ɗaya, madubin ya koma yana nuna rufin mota. Bubayero ya yi gyaran murya. Na gyara. Muka faɗa rami, ya sake gocewa, na laluba na rasa inda yake da. Tambayarsa ba ta yiwuwa, shi ma ba zai faɗa ba. Ga duwatsun Dutse sun fara leƙowa daga nesa, hanya tana ƙarewa.

Sai murya ta taso daga baya, a hankali.

"Baba Gwadabe, ɗan karkato shi hagu. Ƙasa kaɗan. Yauwa, nan ne."

Na ƙame hannuna a wurin. Ban waiwaya ba, ban kuma dubi abokina ba. Na dai ji ya sassauta ƙafarsa a kan totur, har masu babur suka riƙa wuce mu suna mana hon. A haka muka shiga Takur.