Kalma Ɗaya a Farkon Layi

Tun da idon Yaya ya fara dushewa, da kunne yake karatu. Kwamfuta ce ke karanto masa layi bayan layi, da wata murya kamar ta mai mura.

Shi da ƙanensa Dogo suka ƙirƙiro ɗan yaren da suke ba injinan ɗinkin shagonsu umarni da shi. Yaya ya tsara yadda ake rubutawa, Dogo ya gina ɓangaren da ke karantawa yana rarrabewa.

Wata rana da hantsi Yaya ya zare abin ji daga kunne, ya ajiye kusa da almakashi.

"Dogo, nemi wani ya kama maka. Ni kam na gaji."

Da Yaya ya fita alwala, sai Dogo ya zauna a kujerarsa, ya sa abin jin, ya rufe ido.

"Lamba... tsawon ɗinki..." in ji muryar. Dogo ya jira. Wurin ajiye lamba ne wannan, ko aikin da za a riƙa kira? A yarensu duka biyun farkonsu ɗaya ne. Sai can muryar ta ce "buɗe baka", wato alamar rubutun da ke bin sunan aiki, sannan ya gane aiki ne, ya koma baya a ransa ya sake fahimtar layin.

Ya san wannan wahala. Ita ce ta taɓa rikita ɓangarensa, har ya koya masa leƙen gaba da dawowa baya. Da wannan dabara yake ji a duk abin da ya gina. Ashe inji ya yi wa magani, ya bar ɗan'uwansa da ciwon.

Sai da ya daɗe yana kallon dabarar, sannan ya goge ta. Ya kafa doka: kowane aiki zai fara da kalmar "aiki". Ya bi tsofaffin layuka yana gyarawa, tsaki na kufce masa.

Da Yaya ya dawo, Dogo ya miƙa masa abin jin.

"Aiki," in ji muryar, "tsawon ɗinki."

Yaya ya saurari na gaba, da na gaba.

"Ina abin alfaharin naka?"

"Ya yi ritaya, Yaya. Shi, ba kai ba."

"Kai dai tsawo kawai aka ba ka," in ji Yaya, yana lalubo kujera da ƙafa. "Matsa mini. Ka tsallake layi ɗaya a nan."