Wankan Fada Antimos

Shekarar da aka buɗe makarantar nan ta Mosko, ni Sidor ke hura wuta a ɗakin wankan gidan sufaye. Aka turo mana malami daga Girka, Fada Antimos, siriri, ga gemu ga ji da kai. Washegari manya za su zauna su tantace aƙidarsa. In an same shi da warin Katolika, abokan gabar cocinmu, to, sai kora zuwa Saibiriya, ƙila ma itace da wuta.

Shugabanmu, Baba Nifont, ya ce a karrama baƙo. To mu da me muke karrama mutum in ba wanka ba?

Na tuɓe shi, na kwantar a katako, na watsa wa duwatsu masu zafi ruwa. Tururi ya turnuƙe, ko hannunka ba ka gani. Na ɗauko damin tsumagiya mai ganye na shiga zabga masa da zuciya ɗaya, don haka wankanmu yake, irin yadda nake yi wa wanda nake ƙauna.

Ashe bawan Allah ya zaci tuhumar ce aka fara.

Bulala ta bakwai ya kurma ihu da gurgun Rashancinsa: "Tsaya, ɗan'uwa, zan faɗa! Shekara shida na yi karatu wajen Katolika a birnin Faduwa! Har zoben babban limaminsu na sumbata, don su bar ni in shiga aji!"

Wayyo ni! Wa ya tambaye ka?

Sai muka ji tari daga benci na sama. Baba Nifont ne, tun ɗazu yana can kwance cikin tururi. Ya sauko tsirara, jajir da shi kamar garwashi, ya ƙare wa Bagirken kallo. Gaskiya tausayin baƙon ya kama ni.

"Sidor, ka ji wani abu?"

"Ni, Baba? Tururi ya toshe mini kunne."

"Ni ma haka. Ranar Litinin 'ya'yan manya arba'in za su zo, kuma kaf gidan nan ba mai iya haɗa jimla ɗaya ta Girkanci. In na ƙona wannan, kai za ka koyar da su? Juya shi, ba ka zabga masa a ƙirji ba."

Na juya shi na ƙarasa aikina.

Shekara goma sha tara Fada Antimos ya yi yana koyarwa, bai sake taka ƙofar ɗakina ba. Ɗalibansa sun zama manyan masana, amma ka tambaye su, duk a bencin baya suka yi karatu, gudun warin malam.