Gonar da Aka Hana Taki

A zamanin Turawa, makarantar koyon aikin gona ta turo wani ɗalibi mai suna Namadi zuwa Fakku. Ba za a ba shi shaidar zama malamin gona ba sai ya yi gwaji ya kai sakamako. Gwajin shi ne a raba gona biyu, a shuka dawa iri ɗaya rana ɗaya, a sa wa rabi takin Bature, rabi a bar shi haka nan, da kaka a auna kowanne daban. In babu rabin da aka hana, ba yadda za a san abin da takin ya ƙara.

Mai masaukinsa Maccido, dattijo mai shanu, ya ba shi gonarsa ta bakin hanya. Namadi ya kafa turaku, ya yi bayani, bayan noman farko ya tafi Tambuwal duba wasu gonaki.

Rabin da aka hana ya yi ja ya tsugune. Masu wucewa kasuwar Kebbe suka fara cewa Maccido ya ba baƙo matacciyar gona. Dattijo ya kasa jurewa. Ya ɗora wa jakuna mangala, ya kwashe takin garkensa kaf ya zuba a wurin. Alheri ya nufa, amma alherin da babu shawara ɓarna ne, ko wa ya yi shi.

Namadi ya dawo ya tarar da gona kore shar daga iyaka zuwa iyaka.

"Baba, mi ya samu wanga rabi?"

"Na hisshe ka kunya, ɗana. Dubi yadda ta miƙe!"

Namadi ya riƙe kai. "Baba, shi ne ma'aunina. Yanzu da mi zan gwada?"

Maccido ya sosa gemu. "To, ka ce musu ba a sa komi ba. Wa zai taso daga makaranta ya shinshina ƙasa?"

"Allah na gani, Baba. Gara in rasa shaidar."

Sai suka ji dariya daga ƙetaren iyaka. Na'Allah ne, taubashin Maccido, kwance gindin ɗorawa a gonarsa.

"Rufe mana baki, raggo!" in ji Maccido. "Kai da gonarka ba ta taɓa jin warin taki ba!"

Namadi ya ɗago. "Ko sau ɗaya, Baba Na'Allah?"

"Ni da ɗaukar kashin shanu? Allah shi kiyaye."

"Wane iri ka shuka?"

"Wanda na roƙo wurin wanga marowaci."

"Yaushe?"

"Ranar da kunka shuka, don in samu tuwon gayyarku."

Namadi ya tsallaka, ya damƙi ƙasa ya murza. Iri ɗaya ce da tasu, an kuma yi mata noman farko, ko da na ganin dama ne. Ya ɗauko igiya ya auna fili daidai da rabin gonar gwajinsa.

"Alfarma nika roƙo. Ni zan yi noman, kai dai kada ka sa ma wurin ga komi har kaka."

Na'Allah ya tashi zaune. "Maccido, ka ji? Yau gwamnati ta gano gwaninta!"

Da kaka aka rataye ma'auni gaban jama'a. Takin Bature da na shanu suka zo kusan kunnen doki, dawar Na'Allah ta zo can baya. Namadi ya rubuta komai yadda ya faru, har da jakunan Maccido. Malamansa suka karɓa, suka ce an aike shi ya gwada abu biyu ya gwada uku, suka ba shi shaida.

Maccido ya yanka rago aka yi walima. Na'Allah ya ci ya ƙoshi yana cewa da lalacinsa aka yi malami. Bai lura matarsa Zahara'u ta ji abin da ma'auni ya nuna ba. Kafin ruwan baɗi ya sauka, an gan shi bayan jaki da mangala, Maccido na biye yana yi masa kirari.