Doya a Ka

Ni dai cajin waya nake yi a bakin tasha a Birnin Gwari, amma rumfata ta fi majalisa hayaniya. A makon nan kuwa magana ɗaya ce: wani minista da 'yan majalisa suka titsiye, suka ce ya faɗi abin da gwamnatinsu ta tsinana a dajinmu ko ya sauka. Shi kuma gogan ya baza hotuna, wai manoma sun koma gida, har da ƙauyen su Gabriel, can bayan Kutemeshi.

Gabriel maƙwabcina ne, mutumin Gbagyi, manomin doya. Shekara biyu ke nan da 'yan bindiga suka tashe su. Abin da ya tsira da shi irin doyar gidansu ne, yana ta raya shi a wani fili na aro. Bana mai fili ya karɓe abinsa. In bai koma ƙauye ya shuka ba, irin ya tafi ke nan.

Shi ya sa ya zama lauyan minista ba tare da an ɗauke shi aiki ba.

"Ko maƙiyinka ne, in ya yi abin kirki ka yaba," in ji shi, yana nuna wa Hammadu hoton a waya. "Ga mutanenmu nan a gona. Jibi zan kwashi iyali."

Hammadu makiyayi ne da aka kore wa shanu kaf a dajin nan. Ya yi tsaki. "In daji ya yi lafiya, ministan ya zo ya kwana ɗaya a ciki mana. Ya sauka kawai!"

Ni ma hoton bai kwanta mini ba. Tsofaffi mata uku da kwandunan doya, duk sun ba da baya, zannuwansu fes kamar za su biki. Amma zargi ba hujja ba ne, kuma wallahi tausayin Gabriel ya hana ni magana.

Ana cikin haka matarsa Mercy ta zo karɓar wayarta. Ya miƙa mata hoton yana murmushi. Ta daɗe tana kallo.

"Malam Sadisu, ɗan ƙara mini girman nan," ta ce da ni. Na ƙara.

Ta juya wajen mijinta. "Baban Gideon, a ina ka taɓa ganin tsohuwar garinmu da kaya a ka?"

Kowa a nan ya san matan Gbagyi a kafaɗa suke ɗaukar kaya, don kai a wurinsu abin girmamawa ne. 'Yan matan gari sun fara sakewa, amma tsohuwar ƙauye ko da kuɗi ba za ta ɗora ba. Wanda ya shirya hoton ya samo doya, ya samo tsofaffi, sai dai bai taɓa zama da mutanen ba. Haushin ministan ya kama ni.

"Ƙila baƙi ne," in ji Gabriel a hankali.

"Baƙi su shiga garin da masu shi suka kasa shiga? Ni ba zan kai 'ya'yana cikin hoto ba."

Na zaci Hammadu zai yi masa dariya. Sai kawai ya matsa masa wuri a benci.

Washegari rediyo ya ce minista ya tsallake, har an tafa masa. Da la'asar Gabriel ya shigo rumfata da kwano a rufe, ya ajiye tsakanina da Hammadu. Gasasshiyar doya ce da manja, ƙanana, wasu har da ɗan tsiro a jiki.

"Gabriel, wannan ai iri ne," na ce.

"Ku ci," in ji shi. "Tun zamanin kakana muke shuka ta. Gara ku san ɗanɗanonta kafin ta ƙare."