Wuyan Kawu

Allon radar ya cika da ɗige-ɗige kamar an ɓarar da gishiri, kuma a cikinsu guda ɗaya tak ne Kawu.

Auta ta gyara zama a kujerar jirgin yaƙin. Wannan ne gwajinta na ƙarshe. In ta kama jirgin da ke matsayin abokin gaba, ta shiga runduna. In ya kuɓuce mata, sai tuƙin jirgin ɗaukar kaya. Abokin gaban kuwa yayan mahaifiyarta ne, wanda matuƙa ke kira Aljani, don tun da ya fara koyarwa babu ɗalibin da ya taɓa riƙe shi a allo. Da safen nan ma sai da ya aiko mata cewa ta ci ta ƙoshi, wai jirgin kaya yana son mai ƙarfi.

To ga shi ya fara halin nasa. Ya watso ƙaiƙayi, wato siraran zaren ƙarfe da radar ke ɗauka jirage ne, ya bi su da hayaniyar lantarki har allon ya yi hazo. Auta ko a jikinta. Tun tana 'yar firamare yake yayyaga takardar alawa mai ƙyalli, ya watsa a gaban fankar falo, ya ce ta nuna masa wadda ke da inji. Ƙaiƙayi iska yake bi, jirgi kuwa gabansa yake yi. Ta sauya zangon radar, ta sa shi ya zubar da duk abin da ba ya gudu. Gishirin ya share, saura ɗigo ɗaya.

Shi ma sai ya ɓace ɓat.

Ta gane dabarar. Ya ba ta gefe ne, ba ya matsowa ba ya nisa, don radar ya zubar da shi tare da ƙaiƙayin. Dole ta tattara ƙarfin radar wuri guda, hagu ko dama, kafin ya zagayo ta bayanta.

Ai kuwa duk gidan an san wuyan Kawu. Shekarun juyi a sama sun cinye shi, in ya karya dama da ƙarfi sai ya yi kwanaki yana waiwaye da dukan jikinsa. Saboda haka hagu yake karyawa. Ɗalibai ba su sani ba, amma ita ce mai gasa masa wuyan da tawul. Har yatsanta ya nufi hagu, sai ta tsaya. Ai shi ma ya san wa ke riƙe tawul ɗin. Kuma mutumin da ko a ludo bai taɓa bar mata ci ba, yau ne zai ji tausayin wuyansa?

Ta juya radar dama.

Hazon ya yi kauri, ta kutsa ciki ba ta rage gudu ba, har ta matso inda hayaniyar ba ta iya rufe shi. Ɗigon ya fito tas, akwatin kamu ya rufe a kansa.

"Na kama," ta faɗa a rediyo.

Hasumiyar kula da jirage ta tabbatar. Daɗi ya cika ta, tausayin Kawu kuma ya biyo baya.

Da yamma ta same shi a falonsu a zaune ƙiƙam, Mama na ta yi masa faɗa, wai tsofai-tsofai da shi zai karya wuya don kawai ya kayar da 'yar ƙanwarsa. Da Auta ta shigo da ruwan zafi, sai ya juyo gaba ɗayansa, har da kujerar, ya kalle ta.

Ta matse tawul ɗin, ta durƙusa kusa da shi.

"Kawu, ta wane gefe ne ciwon?"

"Ke za ki tambaye ni?" in ji shi. "Ai kin fi kowa sani."