Shuɗiyar Waya a Rami na Bakwai

Tsohon ya zare shuɗiyar wayar daga rami na uku a jikin wani akwatin ƙarfe, ya cusa ta a na bakwai, ya ja da baya yana kallon fitilun. Ɗaya ta mutu, sauran suka ci gaba da ƙyaftawa. Ya ja ƙofar, ya koma kujerarsa ta baranda.

Wata biyar ke nan, da jikarsa ta dawo daga aiki sai ta shige ɗakin ajiyar nan, ta zauna gaban akwatunan ƙarfe huɗu da ta jera a kan teburin guga. Wai karatu take yi na jarrabawar haɗa kwamfutoci, ranar Asabar za ta rubuta, in ta faɗi kamfaninsu ya ba wani kujerarta. Shi dai bai taɓa shiga aji ba, amma shekara arba'in ya yi yana jan babbar mota, sau uku ana zaro shi daga ƙarƙashinta yana tashi da ƙafafunsa. Ba yarinya ce za ta raina masa wayo ba. Karatu ba malami ba makaranta? Ya sha jin labarin masu zama a ɗaki suna kwashe asusun mutane. Ya riga ya ƙudurta: in ta ruɗe, ko wani ya fara kiranta a waya, yau ɗin nan zai kira ubanta a fitar da akwatunan.

Ƙarfe biyar ta shigo, ta gaishe shi, ta wuce. Ya kasa kunne. Ba kira, ba salati, sai ƙarar madannan kwamfuta. Can ta leƙo.

"Tsoho, wa ya shiga ɗakin nan?"

"Ni mai gadinki ne?"

"Warin man zafinka ne ya cika ɗakin."

Ya gyara zama. "To na shiga. Gidana ne. Gaya mini gaskiya, kuɗin wa kike ja?"

Ta yi dariya har da dafa bango. "Da kuɗi nake ja, da wannan takalmin za ka gan ni? Minti shida na gano ɓarnarka. Ka san yadda jarrabawar take? Ɓata haɗin suke yi da gangan, su ce ka nemo ka gyara kafin lokaci ya ƙare. Ni kuwa in na ɓata da hannuna na san inda na taɓa. Abin da na rasa ke nan, mai ɓata mini."

"A ɓata abu lafiyayye, sannan a ba ki takarda don kin gyara?"

"Haka ne."

Bai yarda ba. Amma ya lura ba ta kau da ido ba, shi kuwa ya san idon maƙaryaci tun daga nesa. Ta ajiye masa makullin ɗakin a hannun kujera.

Washegari ya daɗe tsaye gaban akwatunan. Minti shida ta ce, shi da ya sha kwance wayar batir ya bar yaran mota suna zufa rabin yini. Bai sauya wa kowace waya rami ba. Ya kama wata ta can baya, ya ɗan ja ta kaɗan yadda mai kallo zai rantse a cuse take, ya fito.

Da yamma ta shiga. Minti goma, ashirin. Ya ji ta ture kujera, ya ji tsaki. Sai da aka doshi awa guda ta fito, goshinta duk gumi, ba alamar dariya.

"Da yau ce Asabar, na faɗi," ta ce a hankali. "Ina ta bincike a allo, ban duba da hannu ba."

Ya dube ta, ya dubi wayarsa da ke kan cinya, lambar ubanta a buɗe tun rana. Ya kife wayar.

"Saura kwana nawa?"

"Uku."

"To je ki wanke fuska ki zagaya baya," ya ce, yana laluben sandarsa. "Zan sake ɓata miki su. Kada ki leƙo sai na kira ki."