Habbanayen Inji

A shekarar da fari ya dawo karo na biyu, wadda aka rufe iyaka aka riƙa rabon jar dawa a ƙofar buro, wato ofishin gwamnati, akwai wata mota da ke tsaye a gindin gawo arewa da Gangara. Ba hanya kusa da ita, ba gida sai bukka ɗaya. Fijo ce fara mai buɗaɗɗen baya. Mai bukkar wani dattijon Bafulatani ne, Dikko, wanda in ka tambaye shi ina shanunsa sai ya nuna maka motar da haɓa.

Ba ƙarya yake ba. Ɗansa Surajo ne, tun da ya ga damina ta leƙo ta koma, ya matsa masa a sayar da garken tun shanun na da nama a jika, a sayi mota. Dikko ya ƙi, ya ƙi, ya zo ya yarda. Yaron kuwa ya hango nesa, don waɗanda suka riƙe nasu, 'yan banda masu busar da nama ne suka bi su daji suna yanka musu shanu a kwance. Sai dai motar ba ta daɗe tana ci da su ba. Ta ɗauko buhuna fiye da ƙarfinta, ta faɗa wani kwazazzabo, ƙarfen da ke riƙe da gangar jikinta ya karye. Raƙuma ne suka jawo ta gida. Surajo ya bi ta daji ya tsallaka Najeriya neman ƙarfen, ya ce wa uban ya tsare masa ita. Tun daga ranar ba shi ba labarinsa.

Sauran ruga duk sun yi kudu da abin da ya rage musu. Dikko ya zauna. Kowace safiya sai ya kewaya motar kamar yadda yake kewaya garke a da, ya kwashe yashin da ya taru a ƙafafunta, ya ɗaga murfin gaba ya goge injin da tsohon rawani. Sa'an nan ya zura ƙarfen tayarwa ya juya shi a hankali, don Surajo ya ce in ba a juya shi zai daskare. Ba mai a ciki, ba ta tashi. Huci kawai take yi kaɗan, shi kuma ya amsa mata.

Ana nan sai ga Isaka. Buzu ne na cikin Gangara, kakanninsa raƙuma suka kora, shi kuwa Fijo yake kora tsakanin Gazawa da Agiye, kuma shi ne bakaniken kansa. Injinsa ya ƙone masa a hanya, ya fashe yadda ba ya gyaruwa, ga iyaka a rufe babu inda za a samo wani. Tasa motar na da ƙafa ba zuciya, ta Dikko na da zuciya ba ƙafa. Lissafin bai fi haka ba.

Ya yi sallama, suka gaisa, ya fara zagaya motar yana ƙwanƙwasa nan yana leƙa can. Dikko ya san wannan kallo. Haka 'yan banda ke zagaya saniya, ba ita suke gani ba, abin da za a cire a cikinta suke gani. Tun kafin Isaka ya gama buɗe baki Dikko ya ce masa ba ta sayarwa ba ce.

Isaka ba yaro ba ne, ya san ba a jan Bafulatani da igiya. Bai sake ta da zancen ciniki ba. Bayan kwana biyu ya dawo da ganyen shayi da ɗan sukari, suka zauna a inuwar motar. Ya roƙa a bar shi ya juya ƙarfen da hannunsa. Ya juya, ya kasa kunne, ya sake juyawa.

“Baffa, kana ƙoƙari da ita,” in ji shi. “Amma tana mutuwa. Inji ba ya rayuwa a ɗaure. Rani mai zuwa ko jaki ka sa ba zai juya wannan ƙarfen ba.”

Dikko ya ce ai duk mahauci haka yake cewa, saniyarka ba za ta kwana ba. Isaka ya yi dariya ya ce to shi ma ya gwada ya ji, ƙarfen bai fi bara nauyi ba? Dikko kuwa ya daɗe da jin nauyin a kafaɗarsa, yana cewa tsufa ne.

Bayan tafiyar baƙon ya zauna yana juya abin a ransa. In ya sayar, garken ubansa da na kakansa ya zama hatsi ke nan, a daka a cinye, ya tashi mutumin da ba shi da ko kofato a duniya, kuma ba abin da zai nuna wa Surajo. In ya riƙe, ta mutu a hannunsa yana kallo. Ba kuma wanda zai yi shawara da shi, sai gawo.

Da Isaka ya sake zuwa, Dikko ya tambaye shi ko ya san habbanaye. Isaka ya ce ya sani mana, ai su ma can da suna yi da raƙuma: ka ba wanda ya rasa aron karsana, ta haihu a wurinsa, 'ya'yan nasa ne, uwar taka ce, in lokaci ya yi ya dawo maka da ita.

“To haka zan ba ka zuciyarta,” in ji Dikko. “Abin da ta haifa naka. Damina uku, ka maido ta. Ba ka dukanta, ba ka ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta. Kuma mai saniya yana zuwa ganin saniyarsa.”

Isaka ya san abin da inji ke zama bayan damina uku a hanyar Agiye, ya kuma san a irin wannan ba a tayawa. Ya miƙa hannu biyu ya karɓa.

Washegari ya zo da amalanken jaki, da sarƙa, da buhun sifanu. Ya kwanta a ƙarƙashin motar ya zare abin da ya rage na baƙin mai a cikin tsohuwar ƙwarya. Ya cire lagireto ya jingine, ya kwance wayoyi ɗaya bayan ɗaya yana ɗaura wa kowace tsumma don ya gane ta. Wasu notunan sun ci tsatsa, sai da ya ɗiga musu kananzir ya jira. Duk wanda ya fita sai ya miƙa wa Dikko, shi kuma ya jefa a ƙwaryar tatsar nono da ta daɗe ba ta ga nono ba. Ba su yi magana da yawa ba. Sau ɗaya Dikko ya ce ashe fiɗar ƙarfe ta fi ta sa wuya, Isaka ya amsa daga ƙasa cewa aƙalla wannan ba ya harbi.

Da rana ta karkata suka rataya sarƙar a reshen gawo, suka ƙulla mata igiyar rijiya, jaki ya ja. Reshen ya yi ƙara, injin ya ɗago a hankali yana lilo, baƙi, yana ɗigar mai. Dikko ya dafa shi da tafin hannu har aka sauke shi a kan amalanke. Ya raka su har inda yashi ya ƙare, kamar yadda ake raka karsana, ya komo.

Da safe ya tashi yadda ya saba. Ya kwashe yashi, ya ɗaga murfin, sai ga ƙasa ta cikin motar, da tururuwa suna wucewa. Ya zura ƙarfen tayarwa bai sami abin da zai kama ba. Ya mayar da murfin. Kwanakin da suka biyo baya bai ƙara zuwa wajen ba, har yashi ya fara cin tayoyin.

Ranar kasuwar Agiye da hantsi yana cikin bukka ya ji ta. Tun tana nesa ya gane muryar, da ɗan tarin da take yi in ta hau tudu. Ya fito ba takalmi. Isaka ne, ya baro hanya ya biyo daji, ya tsaya a gindin gawon bai kashe ba. Dikko ya ɗora hannu a murfin, ya bar shi nan yana jin ɗumin.

A bayan motar akwai wani inji, ƙonanne, an wanke shi da kananzir. Isaka ya ce nasa ne mataccen, ba shi da inda zai ajiye shi, ko Baffa zai bari a saka shi a cikin ramin can don kada awaki su shiga. Babu akuya ko ɗaya a wannan daji, dukansu sun sani. Suka sake rataya sarƙa, suka zura shi, Isaka ya ɗaure noti biyu ya rufe murfin.

Dikko ya daɗe yana kallo. Sa'an nan ya ce su ma suna yin haka. In maraƙi ya mutu sai a feɗe shi, a cusa wa fatar ciyawa, a kafa a gaban uwar lokacin tatsa. Ta lashe shi, ta saki nono.

“Ba ta ganewa?” in ji Isaka.

“Tana ganewa,” in ji Dikko. “Amma tana saki.”

Isaka ya ce ga wuri a gaba, ya zo su je Agiye, ana rabon dawa. Dikko ya ce a'a, kada yaron ya zo ya tarar ba kowa. Ya dai riƙa bi ta nan ranar kasuwa, ko bai tsaya ba.

Motar ta tafi. Ya tsaya har muryar ta ɓace a bayan tudu, ya ɗan ƙara jira ko iska za ta maido ta. Sa'an nan ya ɗauko tsohon rawanin, ya durƙusa ya fara kwashe yashi.